Dalilan da Suka Sa Yunƙurin Kwance Ɗamarar Yaƙi Ya Ci Tura Tsakanin 1919 da 1939

1.0 Gabatarwa

Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, ya ci rayukan sojoji kusan miliyan 10, ban da fararen hula da yunwa da cututtuka suka hallaka. Da ƙura ta lafa, jama'a da dama a Turai da Amurka sun yi imani cewa tseren tara makamai da manyan ƙasashe suka yi kafin 1914, musamman gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Birtaniya da Jamus, yana cikin abubuwan da suka jawo wannan bala'i. Saboda haka suka ga cewa in aka rage makamai, to an toshe babbar kafar da yaƙi ke shigowa ta cikinta. An yi shekara 15 ana taruka ana rattaba hannu a kan takardu, amma a watan Satumba na 1939 wani yaƙin ya ɓarke, wanda ya fi na farko muni.

Wannan takarda za ta bi matakan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fito da dalilan da suka sa haƙa ba ta cim ma ruwa ba.

1.1 Ma'anar Kalmomi

A Hausa, ɗamara ita ce abin da mayaƙi ko ɗan kokawa yake ɗaurawa a ƙugu in zai shiga fage. Kwance ɗamara ke nan yana nufin barin shirin faɗa. A harshen diflomasiyyar wancan zamani kuwa, kalmar ta ƙunshi abubuwa uku da ya kamata ɗalibi ya rarrabe. Na farko shi ne kawar da makamai baki ɗaya, ko kawar da wani nau'insu. Na biyu shi ne rage yawan waɗanda ake da su. Na uku shi ne ƙayyadewa, wato a sa iyakar da ba za a wuce ba, ko da iyakar ta fi abin da ƙasa take da shi a hannu. Sau da yawa wakilan ƙasashe sukan furta kalma ɗaya a zauren taro, alhali kowa da ma'anar da yake nufi a ransa.

2.0 Tushen Alkawarin

A watan Janairu na 1918 shugaban Amurka Woodrow Wilson ya bayyana manufofinsa 14 na zaman lafiya, ta huɗu a cikinsu kuwa ita ce rage makamai. Da aka kafa Ƙungiyar Al'ummai, wadda ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada daga baya, sai aka sa wannan buri a sashe na 8 na kundinta: kowace ƙasa ta rage makamanta zuwa mafi ƙarancin abin da zai ishe ta tsaron kanta.

Yarjejeniyar Barsai, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Yuni 1919, ta fara aiwatar da wannan a kan Jamus kaɗai. An ƙayyade sojojinta na ƙasa zuwa 100,000, na ruwa zuwa 15,000. An hana ta aikin soja na tilas, da tankokin yaƙi, da jiragen saman yaƙi, da jiragen ƙarƙashin ruwa. An kuma hana ta girke soja a yankin kogin Rin da ke iyaka da Faransa. Sai dai a farkon wannan sashe an rubuta cewa ana yin haka ne domin share fagen ƙayyade makaman dukkan ƙasashe. Jamusawa sun riƙe wannan jimla a matsayin bashi: tun da an kwance musu, dole sauran ma su kwance, ko kuwa a bar su su sake ɗaurawa. Faransawa kuma suka ce jimlar fata ce kawai, ba ta wajabta musu kome ba. Wannan saɓanin fassara shi ya yi ta bin tarukan da aka yi har ƙarshensu.

3.0 Matakan da Aka Ɗauka

3.1 Tarukan Jiragen Ruwa

Nasara mafi girma an same ta ne a taron Washinton, daga Nuwamba 1921 zuwa Fabrairu 1922. Ƙasashe biyar suka amince da ƙayyade jimillar nauyin manyan jiragensu na yaƙi: Amurka da Birtaniya tan 525,000 kowace, Japan tan 315,000, Faransa da Italiya tan 175,000 kowace. An dakatar da ƙera sababbin manyan jirage har shekara 10, an kuma farfasa wasu da dama. Abin ya yiwu ne domin babban jirgi yana da tsada ainun, ba ya ɓoyuwa, ƙidaya shi kuma ba wuya.

To amma ba a ƙayyade yawan matsakaitan jirage ba, don haka gasar ta koma kansu. An sake zama a Janeba a 1927 domin toshe wannan kafa, Faransa da Italiya suka ƙi shiga a matsayin cikakkun wakilai, Amurka da Birtaniya kuma suka kasa daidaitawa. Birtaniya tana son matsakaitan jirage 70 marasa nauyi sosai domin gadin hanyoyin daularta, Amurka kuwa tana son 'yan kaɗan masu girma da za su iya ratsa tekun Fasifik. A taron Landan na 1930 Birtaniya ta sauko zuwa 50, aka daidaita da Amurka da Japan, amma Faransa da Italiya suka ƙi shiga wannan ɓangare domin Italiya ta nace sai an daidaita ta da Faransa.

3.2 Ƙoƙarin Ƙungiyar Al'ummai

A fannin sojojin ƙasa da na sama, aikin ya faɗa hannun Ƙungiyar Al'ummai. A 1923 an tsara daftarin yarjejeniyar taimakon juna, Birtaniya ta ƙi shi. A 1924 aka kawo wani tsari a Janeba wanda ya ce duk ƙasar da ta ƙi kai ƙararta gaban masu sulhu ita ce mai laifi, sauran kuma za su taru a kanta. Gwamnatin Ramsay MacDonald ta goyi bayansa, amma ta faɗi kafin a tabbatar da shi, gwamnatin da ta gaje ta kuma ta yi watsi da shi a watan Maris na 1925.

Bayan yarjejeniyar Lokarno ta 1925, wadda ta lamunce iyakokin Jamus na yamma, an kafa kwamitin share fage domin shirya babban taro. Kwamitin ya yi ta zama daga 1926 har ƙarshen 1930, ya fito da daftari wanda guraben alƙalumansa duk babu kome a ciki. A nan ne wakilin Tarayyar Sobiyat, Maxim Litvinov, ya kawo shawara a 1927 cewa a rushe dukkan rundunonin duniya, sauran wakilai suka ɗauke ta farfaganda. A ranar 27 ga Agusta 1928 aka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar Briand da Kellogg, wadda ta haramta amfani da yaƙi wajen cim ma manufar ƙasa. Ƙasashe fiye da 60 suka shiga, sai dai ba ta tanadi hukuncin wanda ya karya ta ba.

3.3 Babban Taron Janeba

An buɗe babban taron ranar 2 ga Fabrairu 1932, da wakilan ƙasashe kimanin 60, ƙarƙashin shugabancin Arthur Henderson na Birtaniya. Ƙungiyoyin mata da na addini da na ƙwadago sun kawo takardun koke ɗauke da sa hannun miliyoyin mutane. Shawarwari suka yi ta zuwa. André Tardieu na Faransa ya nemi a kafa rundunar ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin Ƙungiyar Al'ummai. Shugaba Herbert Hoover na Amurka ya nemi a watan Yuni a rage makamai da kimanin kashi 1 cikin 3, a kuma kawar da tankoki da jiragen sama masu jefa bama-bamai. Jamus ta ƙaurace a watan Satumba, ta dawo bayan an amince mata ranar 11 ga Disamba da daidaiton haƙƙi, a cikin tsarin da zai samar wa kowa tsaro.

A watan Maris na 1933 MacDonald ya kawo tsari mai alƙaluma, wanda ya ba Jamus da Faransa sojoji 200,000 kowace a nahiyar Turai, ya ƙara wa Faransa wasu 200,000 domin ƙasashen da take mulka. A lokacin Hitila ya riga ya hau mulki tun 30 ga Janairu. Da Faransa ta nemi a yi shekaru 4 na gwaji kafin ta fara ragewa, sai ya sami hujjar da yake nema, ya fitar da Jamus daga taron da kuma Ƙungiyar Al'ummai ranar 14 ga Oktoba 1933. Taron ya watse a watan Yuni na 1934 ba tare da yarjejeniya ba.

4.0 Dalilan Gazawa

4.1 Tsaron Faransa da Daidaiton Jamus

Wannan shi ne babban ƙulli. Jamus ta mamaye ƙasar Faransa a 1870 da kuma 1914. A yaƙin ƙarshe Faransa ta rasa sojoji kimanin miliyan 1.4, arewa maso gabashinta kuma ya zama kufai. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ban da tsoro, akwai lissafi: a farkon shekarun 1930 Jamusawa sun kai kimanin miliyan 65, Faransawa kuwa kimanin miliyan 40, ga masana'antun ƙarfe da kwal na Jamus sun fi na Faransa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ke nan in aka ba ƙasashen biyu soja daidai wa daida a takarda, Jamus ce za ta rinjaya in yaƙi ya yi tsawo. Don haka Faransa ta ce a fara ba ta lamunin tsaro, sannan ta rage.

A ɓangaren Jamus kuma, babu gwamnatin da za ta iya gaya wa jama'arta cewa ƙasar za ta dawwama a matsayin ƙasƙanci, alhali maƙwabta irin su Polan da Cekoslobakiya, waɗanda ba su kai ta girma ba, sun fi ta soja. Abin da zai gamsar da ɗaya shi ne ainihin abin da zai firgita ɗayar.

4.2 Rashin Mai Lamuni

Da an sami mai tsaya wa Faransa, da ƙullin ya warware. A 1919 Amurka da Birtaniya sun yi mata alkawarin kawo ɗauki in Jamus ta far mata, ita kuma ta janye buƙatarta ta raba yankin Rin da Jamus. Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Barsai, ba ta ma duba batun lamunin ba, na Birtaniya kuma da ma an rataye shi ne a kan na Amurka, sai duka biyun suka faɗi. Amurka ba ta taɓa shiga Ƙungiyar Al'ummai ba. Tana zuwa taruka tana ba da shawara, amma ba ta yarda ta ɗauki nauyin kare kowa ba.

Birtaniya kuwa hankalinta yana kan daularta. Kanada da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautarta ba sa son a sake jan su cikin rikicin Turai. Ta kuma ji tsoron cewa in ta yi amfani da jiragenta wajen tsare tekun wata ƙasa da sunan Ƙungiyar Al'ummai, za ta yi karo da jiragen kasuwancin Amurka. A Lokarno ta lamunce iyakar yamma kaɗai, ta bar gabashin Turai, inda ƙawayen Faransa suke, ba mai tsaya musu.

4.3 Wahalar Awo

Ko da akwai niyya, auna ƙarfin soja ba ƙaramin aiki ba ne. Faransa tana da aikin soja na tilas, wanda ta rage zuwa shekara 1 a 1928, saboda haka tana da miliyoyin mazajen da suka sami horo suka koma gida. Jamus ta ce a ƙidaya su, Faransa ta ce fararen hula ne. Faransa kuma ta ce a ƙidaya 'yan sandan Jamus da ke zaune a bariki, da dakarun jam'iyyar Nazi masu baƙi da jan ido, waɗanda suka kai dubban ɗaruruwa a 1932. Akwai kuma sojojin ƙasashen da ake mulka. Faransa ta kai dubban 'yan Afirka ta Yamma fagen daga a yaƙin farko, ta kuma kafa dokar ɗibar soja a yankin a 1919. Ita tana cewa masu gadin daula ne, Jamusawa suna cewa jirgin ruwa kaɗai ya raba su da bakin kogin Rin. Haka kuma jirgin saman fasinja ana iya mayar da shi na yaƙi, masana'antar takin zamani ko ta rini ana iya juya ta ta yi iskar guba.

Da aka ga lissafin yawa ya gagara, sai aka koma ga nau'i: a haramta makaman kai hari, a bar na kare kai. Nan ma kowa ya ce makamin da ya fi ƙarfi a kai na kare kai ne. Birtaniya ta ce jirgin ƙarƙashin ruwa na hari ne, babban jirgi na kariya. Faransa da ƙananan ƙasashe suka ce akasin haka ne. Birtaniya ta yarda a hana jefa bam daga sama, amma ta keɓe wa kanta damar yin haka a yankuna masu nisa, irin su Iraƙi da iyakar arewa maso yammacin Indiya, da sunan aikin 'yan sanda. Tun a 1928 Winston Churchill ya yi wa wannan hali ba'a da wata 'yar tatsuniya ta taron dabbobi, inda karkanda ya nemi a haramta haƙora a bar ƙaho, zaki kuma ya tashi yana kare haƙora da farata.

4.4 Rashin Bincike da Hukunci

Yarjejeniyar da ba a iya bincika ta sai an dogara da amana, amana kuwa ita ce ta yi ƙaranci. Tun zamanin jamhuriyar Waima, kafin Hitila, hafsoshin Jamus suna kauce wa sharuɗɗan Barsai. Bayan yarjejeniyar Rapallo ta 1922 sun sami wuraren horo a asirce cikin Tarayyar Sobiyat: makarantar matuƙa jiragen sama a Lipetsk, da ta tankoki kusa da Kazan. Hukumar binciken ƙasashen ƙawance ta bar Jamus a farkon 1927. Faransa tana da labarin abin da ke gudana, shi ya sa ta dage kan bincike na dindindin, amma Amurka da Birtaniya sun daɗe suna ƙin yarda baƙi su shiga barikokinsu da masana'antunsu.

Inda aka karya alkawari a fili ma ba a yi hukunci mai tasiri ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1925 ta haramta amfani da iskar guba a yaƙi, amma ba ta hana ƙera ta ko ajiye ta ba. Italiya, wadda ta sa hannu, ta yi amfani da ita a kan Habasha a 1935 da 1936. Takunkumin da Ƙungiyar Al'ummai ta sa mata bai haɗa da man fetur ba, ba a kuma rufe mata mashigin Suwez ba.

4.5 Rashin Dacewar Lokaci

Shekarun da suka fi dacewa da sulhu su ne 1925 zuwa 1929, lokacin da Aristide Briand da Gustav Stresemann suke fahimtar juna, tattalin arziki kuma yana tafiya. An ɓata su wajen gardamar share fage. Stresemann ya rasu a watan Oktoba na 1929, a watan da kasuwar hannun jarin Amurka ta rushe. Kafin a buɗe babban taron, marasa aiki a Jamus sun kai miliyan 6, Japan ta mamaye Mancuriya tun Satumba 1931, ana kuma ɓarin wuta a Shangai a ranar buɗewar kanta. Shi Henderson ya riga ya rasa muƙaminsa na ministan harkokin waje. A watan Afrilu na 1932 shugaban gwamnatin Jamus Heinrich Brüning ya nemi sassauci matsakaici, Faransa tana tsakiyar zaɓe ba ta ba da amsa ba, a ƙarshen Mayu kuma aka sauke shi. Abin da aka hana masu sassaucin ra'ayi, daga baya Hitila ya ɗauki fiye da shi ba tare da ya roƙi kowa ba.

4.6 Gwamnatocin da Suka Zaɓi Yaƙi

Kwance ɗamara yana yiwuwa ne tsakanin ƙasashen da suka amince da iyakokin da ake da su. Daga 1931 zuwa gaba, manyan ƙasashe uku sun ƙudurta sauya taswira da ƙarfi. A Japan hafsoshin ruwa sun ɗauki kason da aka ba ƙasarsu a matsayin wulaƙanci. An harbi firayim minista Hamaguchi a 1930 bayan ya amince da yarjejeniyar Landan. Japan ta ba da sanarwar fita daga Ƙungiyar Al'ummai a Maris 1933, da kuma yarjejeniyar Washinton a Disamba 1934. A Jamus, Hitila ya bayyana rundunar sama da maido da aikin soja na tilas a Maris 1935. Maimakon a haɗu a tsawata masa, Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da shi ranar 18 ga Yuni 1935, wadda ta ba shi damar gina rundunar ruwa mai kashi 35 cikin 100 na tata, ba tare da amincewar Faransa ba. A Maris 1936 ya tura soja yankin Rin. Daga nan maganar rage makamai ta ƙare, kowa ya koma ƙera nasa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa an ɗauki makamai a matsayin tushen cutar, alhali galibinsu alama ce ta tsoro da rashin yarda da sakamakon yaƙin 1918. Inda aka yi nasara, wato Washinton, an haɗa ƙayyade jirage da sasanta rikicin siyasar tekun Fasifik da na Sin, abin da ake ƙidayawa kuma a bayyane yake. A Turai ba a sasanta rikicin ba, ba a sami mai lamuni ba, ba a kuma yarda da hanyar bincike ba. Masana tarihi sun saɓa a kan wanda ya fi laifi. Wasu suna ganin taurin kan Faransa ya raunana masu sassauci a Jamus. Wasu kuma suna nuni da cewa shirin sake ɗaura ɗamarar Jamus ya girmi Hitila, saboda haka tsoron Faransa yana da tushe.

Waɗanda suka zo daga baya sun ɗauki wani abu daga wannan tarihi. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1945, ta sa manyan ƙasashe a Kwamitin Sulhu tun daga farko, har da Amurka da Tarayyar Sobiyat. Yarjejeniyar makamai masu guba ta 1993 ta haramta ƙerawa da ajiyewa, ta kuma kafa hukumar da ke shiga ƙasashe tana bincike, wato ainihin abin da ta 1925 ta rasa. Duk da haka, yarjejeniyar 1987 tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat kan makamai masu linzami masu matsakaicin zango, wadda ta tanadi bincike a wuraren ajiya, ta rushe a 2019 bayan dangantakar Amurka da Rasha ta ɓaci.